Mura ta cika aji, ga jarrabawa ta matso: wa zai zauna gida, wa zai zo?

Wani malami da ke riƙe da sashe a jami'a nan Damagaram ya aiko da tambaya. Ya ce tun da hunturu ya kama, ajinsa ya cika da tari da atishawa. Sakatariyar sashen ta kwanta da zazzaɓi, wani ɗalibi kuma ya yi gwaji an ce korona ce, ga shi su shida ne a ɗakin kwanansu. Jarrabawa saura mako biyu. Yana so ya sani: ya kori duk mai tari ne? Waɗanda suka zauna kusa da marar lafiya fa? Ko dai ya nemi a rufe sashen?

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba masu jinya lafiya. Kada ka kori kowa don tari kawai. In ka ce duk mai tari ya fita a watan Janairu a garin nan, daga kai sai allo za ku rage, ƙila ma kai ɗin ka bi bayansu. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ita kaɗai ta isa ta busar da hanci, ta karce maƙogwaro, ta sa lafiyayye tari. Abin da za ka sa wa ido shi ne zazzaɓi, da kuma kwanakin farko na ciwo, don a nan ne yaɗuwa take.

Abin da muke haɗawa mu kira mura ba cuta ɗaya ba ce. Akwai mura ta yau da kullum, mai yoyon hanci da toshewa, wadda mutum ke yawonsa da ita. Akwai infuluwenza, wadda ke sauko wa mutum farat ɗaya: da safe yana lafiya, kafin la'asar yana rawar ɗari, kai na sarawa, gaɓoɓi duk sun mutu. Akwai korona, akwai kuma wadda ake kira RSV, da ta fi wahalar da jarirai da tsofaffi. Dukansu ƙwayoyin bairus ne, kuma ko likita ba ya iya rantsuwa a kan wacce ce da ido kawai, sai da gwaji. Sauƙin da ke ciki shi ne, ba sai ka san sunanta ba kafin ka san abin yi, domin hanyarsu ɗaya ce. Suna fita ne cikin numfashi da magana da tari da atishawa, wasu su faɗa kan tebur da hannu, wasu kuma su tsaya cikin iskar ɗaki kamar hayaƙin turaren wuta, wanda mai shi ya daɗe da fita amma duk wanda ya shigo sai ya shaƙa.

Infuluwenza takan ɗauki kwana 1 zuwa 4 a jiki kafin ta bayyana, galibi kwana 2. Mutum yana iya fara raba ta kwana ɗaya kafin ya ji komai, ya fi raba ta a kwana uku na farko, sannan abin ya riƙa raguwa har zuwa kwana 5 ko 7. Korona ta yanzu kusan haka take, kwana uku ko huɗu ta bayyana, ko da yake takan iya jinkiri har mako biyu. Ka ga ke nan ɗalibin da ya yi kwana goma yana jan busasshen tari, ba zazzaɓi, yana cin abincinsa, ba shi ne abin tsoro ba. Irin wannan tarin yakan kai mako uku bayan ciwon ya wuce. Abin tsoro shi ne wanda jiya jikinsa ya fara zafi, yau ya haɗiyi farasitamol biyu, ya naɗe wuya da rawani, ya zo ya zauna a tsakiyar benci don kada darasi ya wuce shi.

Ga ƙa'idar da nake ba kowa, malami ne ko ɗalibi ko mai shara. Wanda ya tashi da zazzaɓi, ko ciwon jiki tare da mura, ya zauna inda yake kwana. Zai dawo ne idan ya cika awa 24 ba zazzaɓi, ba tare da ya sha maganin saukar da zafi ba, kuma yana jin jikin na samun sauƙi. Ka ja layi a ƙarƙashin maganar magani ɗin nan in za ka rubuta sanarwa, domin a nan ake ruɗin kai: zazzaɓin da farasitamol ya danne bai tafi ba, ɓuya ya yi. Bayan ya dawo, ya ƙara kwana 5 yana sa takunkumi a aji da ofis, ya zauna kusa da taga, ya ɗan dakata da musabaha. In zazzaɓin ya sake dawowa, lissafi ya koma farko. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta koma ga wannan tsari a watan Maris na 2024, ta haɗa korona da infuluwenza da RSV a ƙarƙashinsa, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin dokar ta-ɓaci ta duniya ranar 5 ga Mayu, 2023. Ni kuma na fi son sa ne don yana yiwuwa a wurinmu: ba ya buƙatar gwaji, ba ya buƙatar kuɗi, kowa ya san ko ya kwana da zafin jiki ko bai kwana ba. Sakatariyarku ma da wannan ma'auni za ta dawo.

To, amma ƙa'ida ba ta tsayawa da ƙafarta. Abin da ke fito da marar lafiya daga shimfiɗa ya kawo shi aji ba jahilci ba ne, tsoro ne. Ɗalibin da ya san rashin zuwa sifili ne, kuma sifilin nan na iya taɓa masa shekara ko kuɗin tallafin karatu, zai zo ko da rarrafe ne, kuma ba na ganin laifinsa. Malamin wucin gadi da ake biya gwargwadon awoyin da ya koyar, shi ma haka. Don haka, Malam, aikin da ya fi kowane muhimmanci a cikin mako biyun nan a hannunka yake, ba a hannun likita ba. Ka tsaya gaban ajin ka faɗa da bakinka cewa wanda zazzaɓi ya hana shi zuwa ba zai yi asara ba, za a sa masa wata rana. Wanda ya fara warwarewa kuma yana iya zama, a ware masa wani ɗaki mai buɗaɗɗun tagogi, ko baranda, ya rubuta tasa a can da takunkumi. Na san za ka ce malalata za su fake da wannan. Za a samu, ba shakka. Amma mutum biyu da suka yi ƙaryar ciwo ba su kai ɓarnar mutum ɗaya mai infuluwenza da ya yi awa uku yana tari a ɗakin jarrabawa a rufe ba.

Kada kuma ka ce sai da takardar likita a kan kwana biyu ko uku. Wannan sharaɗi yana tura mai ƙaramar mura ya hau kabu-kabu, ya je ya zauna a layi tare da masu ciki da tsofaffi, ya biya kuɗin da da ma na abincinsa ne, don kawai a buga masa hatimi. Saƙo ta WhatsApp zuwa ga wakilin aji ya isa. In rashin zuwan ya zarce kwana uku, to a lokacin da ma ya kamata likita ya gan shi, takarda sai ta zo da kanta.

Waɗanda suka yi cuɗanya da marar lafiya kuwa, muddin ba su ji komai ba, su ci gaba da zuwa. Zamanin killace duk wanda ya gaisa da mai korona, kamar yadda aka yi bayan an samu mutum na farko a Nijar ranar 19 ga Maris, 2020, ya wuce. Abin da ake so gare su shi ne su sa takunkumi a cikin ɗaki na kwana biyar zuwa mako guda, su lura da jikinsu, da sun ji canji su tsaya. Babu maganin da za su sha na kariya daga kanti. Amoksisilin ba ta tare bairus.

Ɗakin mutum shida ɗin nan shi ne mai wuya, don ba inda za a kai kowa. Abin da zai yiwu a yi shi. Marar lafiya ya koma gadon da ke bakin taga, a bar tagar a ɗan buɗe ko da dare, a ƙara bargo maimakon a toshe ko'ina. Na kusa da shi ya juya, kansa ya koma wajen ƙafa, don kada su kwana suna shaƙar numfashin juna. A ware masa kofinsa da cokalinsa, a zuba masa nasa abinci daban, mutum ɗaya ya riƙa karɓo masa. Shi ne ya fi kamata ya sa takunkumi in sauran suna ciki, don tare abu a mafitarsa ya fi sauƙi. Da rana sauran su yi karatunsu a waje. Sai fada: ƙaramin kofin shayin nan da ke zagayawa daga baki zuwa baki, a ɗan ɗauraye shi cikin ruwan da ya riga ya yi launin shayi a miƙa wa na gaba. Ba na cewa a bar fada, zama a fili ma ya fi zaman ɗaki lafiya nesa ba kusa ba. Mai mura dai ya zo da kofinsa, ko ya haƙura da zagayen na kwana biyu.

Iska ita ce maganin da ba a saya, ita ce kuma muke toshewa da hannunmu. Ka shiga babban ɗakin lacca da ƙarfe takwas na safe a watan nan ka gani: tagogi duk a rufe saboda sanyi da ƙura, mutane sun haɗa kafaɗa, gilashi ya yi gumi. Tun da iskar hunturu daga arewa maso gabas take bugowa, a buɗe tagogin ɓangaren kudu da yamma, a bar ƙofa a buɗe. Ƙurar da za ta shigo kaɗan ce. Darasin awa biyu ko uku a raba shi, kowa ya fita na minti goma, ɗakin ya sha iska. Fanka a ɗaki rufaffe juya iskar kawai take yi. Masu shara su yayyafa ruwa kafin su sa tsintsiya. Ku malamai kuma kada ku ɗauka kun tsira: ƙaramin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa a rufe, mutum takwas suna taron sashe, ya fi ɗakin lacca hatsari. Sakatariya ita ce kowa ke tsayawa a kanta, ɗalibai su sunkuyo kan teburinta da takardu daga safe har azahar. A ja teburin kusa da taga, a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya.

Rawani da gyale suna tare ƙura, suna kuma rage wani abu, amma takunkumin asibiti ya fi su, mai lamba FFP2 ko N95 kuma ya fi duka in ya zauna daidai a fuska. Wanda ya jiƙe a canza shi, wanda aka saukar ƙarƙashin hanci kuwa ado ne. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 yana da amfani, kuma na san halin ruwa a garin nan, famfo ya ɗauke sai a jira mai kura. Bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar aji ya wadatar. Mai atishawa ya rufe fuska da hannun riga ko hankici, abin da tun a makarantar allo aka koya mana.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa, domin a nan ne shawarar da aka rubuta don wata ƙasa ke iya cutar da mu. A Damagaram ba kowane zazzaɓi ne mura ba. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, musamman in ba yoyon hanci, ya je a ɗiga jininsa a gwada zazzaɓin cizon sauro; minti goma sha biyar zuwa ashirin ne, kuma wucewar damina ba ta kawo ƙarshen ciwon. Na biyu, muna cikin yankin sanƙarau, lokacinsa kuma shi ne wannan, daga sanyi har zafin bazara. Daga 1 ga Nuwamba, 2022 zuwa 27 ga Janairu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa mutum 559 da suka kamu da shi a jihar Zinder, wato Damagaram, mafi yawansu a Dungas, 18 suka rasu. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ido ba ya son haske, ko mutum ya fara sambatu: wannan ba a jira gari ya waye, a ɗauke shi zuwa babban asibiti a daren. Abokan ɗakinsa kuma a nan hukuncinsu ya bambanta, dole ma'aikatan lafiya su gan su. Mashaƙo ma ya ɓulla a wajen Matamaye a 2023. Ciwon maƙogwaro da wani farin abu mai kauri manne a ciki, wuya ya kumbura, na asibiti ne nan take. Zazzaɓi da jan ido da ƙuraje masu farawa daga fuska, a yi tunanin ƙyanda, ba yara kaɗai take kamawa ba. Tarin da ya kai mako biyu yana ƙaruwa, da gumin dare da rama, ko jini a kaki, a kai kaki a gwada tarin fuka. A ɗakin kwanan ɗalibai wannan ya fi korona ba ni tsoro, don shi a hankali yake bi, wata da watanni.

Ko murar ce ta gaske, akwai alamun da ke cewa ta sauka ƙirji. Numfashi ya yi wuya, mutum ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja iska, ƙirji na suka, leɓe ya canza launi, ya kasa shan ruwa, ko fitsari ya ɗauke. Abokin ɗaki yana iya duba agogon wayarsa ya ƙirga sau nawa ƙirjin ke ɗagawa a minti ɗaya; babba lafiyayye yana yin 12 zuwa 20, in ya doshi 30 a tafi. Haka nan wanda ya ji sauƙi kwana biyu sannan zazzaɓi ya dawo da ƙarfi, sau da yawa ciwon huhu ne ya biyo baya. Kada a raina ta: Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa infuluwenza na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya kowace shekara.

Akwai kuma waɗanda ba a ce musu su jira alama. Mai ciki, mai sikila, mai asma, mai ciwon suga ko zuciya ko ƙoda, mai ɗauke da ƙanjamau, da dattawan malamai da ma'aikata da suka haura sittin. Su tun ranar farko su ga likita, domin maganin infuluwenza, oseltamibir, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48, kuma likita ne ke rubuta shi. Su ne kuma ya kamata su nemi allurar rigakafin infuluwenza ta shekara-shekara da ta korona inda ta samu. Ba sai ka tambayi kowa ciwonsa a gaban jama'a ba. Ka ce dai duk mai irin wannan larura ya same ka a keɓe, a ba shi wurin zama bakin taga ko a sauƙaƙa masa. Sunan ɗalibin da gwajinsa ya nuna korona ma kada ya shiga zauren WhatsApp na aji. Da zarar an yi wa ɗaya tsiya, na gaba ba zai faɗa ba.

Jinyar kanta ba ta da yawa: hutu, ruwa da kunu da abin sha mai ɗumi, farasitamol gram ɗaya ga babba, a bar aƙalla awa shida tsakani, kada a haura gram 4 a yini da kwana. A duba kwalin maganin murar da ake haɗawa, don yawancinsu akwai farasitamol a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Wasu kuma suna sa barci, ba na mai tuƙa babur ba ne, wasu suna ɗaga hawan jini. Zuma da lemun tsami da citta suna lallashin maƙogwaro, ba ni da ja a kansu. Abin da nake ja da shi shi ne tiren mai tallan magani, inda ake yanko wa ɗalibi kafso huɗu na amoksisilin ya sha kwana ɗaya ya bari. Bai taɓa bairus ɗin ba, ya dai koya wa ƙwayoyin bakteriyar jikinsa jure magani. Majina ta koma kore ba hujja ba ce. Maganin tari mai kodin da tramol kuwa, ka san inda suke kai yaranmu.

Batun rufewa ba naka ba ne kai kaɗai, kuma murar hunturu ba ta kai nan ba. In aka sallami ɗalibai, motocin Magarya da Gure da Tanut za su cika, ciwon ya bi su har ɗakin kakanni. Abin da za ka yi shi ne wakilan aji su riƙa rubuta yawan waɗanda ba su zo ba don ciwo kowace rana, da ɗakin da suke kwana. In ka ga adadin na ninkawa cikin 'yan kwanaki, ko an kwantar da mutum biyu daga ɗaki ɗaya, ko an yi rasuwa, ka sanar da ɗakin shan magani na jami'a da hukumar lafiya ta gunduma. Su ke da ikon ɗaukar samfur su aika cibiyar CERMES a Yamai, inda ake bin diddigin infuluwenza a ƙasar nan. Marar lafiyar da ya taɓa kaji masu mutuwa a gida ya faɗa wa likita. Murar tsuntsaye ta farko da aka tabbatar a Nijar a Magarya ce, a watan Fabrairu na 2006.

In a sashenku akwai masu zuwa koyon aiki a asibiti, su ƙa'idarsu ta fi tsauri. Wanda ya warke ba zai koma kan marasa lafiya da lissafin awa 24 kawai ba, sai shugaban sashen da yake aiki a ƙarƙashinsa ya amince, kuma ɗakin jarirai da na masu haihuwa su ne na ƙarshe da zai shiga.